Buɗaɗɗiyar Manhaja da Rufaffiya: Tambayoyin da Aka Fi Yi Kan Kuɗi da Inganci

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan dawowa daga bakin masu zaɓar manhaja wa ofis ko makaranta, da masu koyon rubuta ta, da masu neman kafa sana'a a kanta. Na fara da na farko-farko, sannan na gangara zuwa masu sarƙaƙiya.

Mene ne ainihin bambancin buɗaɗɗiyar manhaja da rufaffiya?

Kowace manhaja tana da rubutun tushe, wato umarnin da masu rubuta ta suka jera da wani yaren kwamfuta. Abin da kake saukewa a waya ko kwamfuta yawanci ba wannan rubutu ba ne, sarrafaffen abu ne da na'ura kaɗai ke ganewa. A rufaffiyar manhaja kamar Windows ko Photoshop, kamfani yana kulle rubutun tushen a wurinsa, ya sayar maka da izinin amfani bisa sharuɗɗansa. A buɗaɗɗiya kamar Linux, Firefox, VLC da LibreOffice, rubutun yana fili, kuma lasisinta ya ba ka damar yin aiki da ita yadda ka ga dama, ka karanta ta, ka gyara, ka raba wa wasu ko da gyaranka a ciki.

A lura, ganin rubutun kawai bai isa ba. Akwai kamfanonin da ke nuna rubutun amma su hana ka yin kasuwanci da shi, kuma wannan ba ya shiga layin buɗaɗɗiya. Lasisin ne ke yanke hukunci.

Ke nan duk manhajar da ake samu kyauta buɗaɗɗiya ce?

A'a, nan ne mutane suka fi ruɗewa. WhatsApp kyauta ne amma a rufe yake. Signal ma kyauta ne, kuma a buɗe yake. A ɗaya ɓangaren, babu dokar da ta hana a sayar da buɗaɗɗiyar manhaja, akwai ma kamfanonin da ke samun biliyoyin daloli da ita. Wani lokaci kuma a gauraye suke: gindin Android a buɗe yake, an gina shi a kan Linux, amma Play Store da Gmail da Google Maps da ke zuwa a kansa rufaffu ne.

Daga ina wannan rarrabuwa ta samo asali?

A zamanin manyan kwamfutocin farko, kuɗin yana wajen ƙarfen, manhaja kuwa tamkar gyara ce da ake ɗora wa mai saye. Da ƙananan kwamfutoci suka fito sai lissafi ya sauya. A 1976 Bill Gates ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa yana kokawa da masu kwafar manhajar kamfaninsa ba tare da sun biya ba. A 1983 Richard Stallman ya ɗauki kishiyar hanya, ya ƙaddamar da aikin GNU domin a gina cikakken tsari wanda ba mai iya kulle shi, daga baya ya fito da lasisin GPL a 1989. A 1991 wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara rubuta Linux, wato gindin tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, wanda ya cike babban giɓin da ya rage a aikin GNU.

Sunan da ake kiran abin da shi a kasuwa yau, wato open source, ya fito ne a 1998, shekarar da Netscape ya saki rubutun burauzarsa. Su Eric Raymond da Bruce Perens sun ga cewa maganar 'yanci da Stallman ke yi tana firgita 'yan kasuwa, sai suka karkata zancen zuwa amfani: wannan hanya tana haifar da manhaja mai kyau cikin sauri. Har yau akwai 'yar tsama tsakanin ɓangarorin biyu, duk da cewa kusan manhajoji iri ɗaya suke nufi.

Ina ganin sunaye kamar GPL, MIT da Apache. Me ya shafe ni da su?

Idan amfani kawai kake yi da manhajar, kusan babu. Idan kuwa za ka gina taka a kanta ka raba ko ka sayar, to sun shafe ka sosai. Lasisin MIT da BSD da Apache masu sassauci ne: ɗauki, gyara, rufe naka gyaran idan ka so, amma ka bar sanarwar haƙƙin masu ita. Shi ya sa ake samun sassan BSD a cikin tsarin kwamfutocin Apple da na'urar wasan PlayStation. GPL kuwa yana da sharaɗi: idan ka raba abin da ka gina daga gare ta, dole ka ba da rubutun tushensa a ƙarƙashin lasisi iri ɗaya. Ba wasa ba ne. A 2003 aka gano cewa wata na'urar rarraba intanet ta Linksys tana ɗauke da Linux, aka matsa wa kamfanin har ya saki rubutun, kuma daga nan aka samu OpenWrt, buɗaɗɗiyar manhajar tafiyar da irin waɗannan na'urori.

GPL yana fara aiki ne idan an raba manhajar. Wanda ya ajiye ta a kwamfutocinsa yana yi wa mutane hidima ta intanet bai raba komai ba. Don toshe wannan ƙofa aka yi lasisin AGPL. Wannan ƙaramar magana ita ce tushen rigimar da za ka tarar a amsar tambayar kamfanonin da suka rufe bayan sun buɗe.

Idan kowa na iya kwafa, ta ina kuɗi ke shigowa?

Ba a sayar da kwafin, ana sayar da abin da ke kewaye da shi. Misalin da ya fi shahara shi ne Red Hat. Banki ko kamfanin jiragen sama ba ya neman Linux na kyauta, yana neman wanda zai ɗauki waya da ƙarfe biyu na dare, wanda zai tabbatar cewa tsarin zai yi aiki da injinan da aka saya, wanda kuma zai ci gaba da aiko facin tsaro har shekara goma. Wannan alkawari ake biya wa kuɗi duk shekara. A 2012 kuɗin shigar Red Hat na shekara ya haura dala biliyan 1, a 2019 kuma IBM ya saye shi kan kimanin dala biliyan 34. Sai dai a gaskiya, da yawa sun gwada bin sawunsa, ƙalilan ne suka kai labari, domin idan manhaja ta yi sauƙin sarrafawa ƙwarai, mutane ba sa ganin dalilin biyan kuɗin tallafi.

Shi ya sa aka fi karkata zuwa wasu hanyoyin. Akwai masu buɗe gindin manhajar su rufe ƙarin abubuwan da manyan ma'aikatu ke buƙata, kamar yadda GitLab ke yi. Akwai masu cewa ga manhajar nan, amma idan ba ka son wahalar kafa ta da kula da ita, ka biya mu mu riƙe maka a kwamfutocinmu. Haka Automattic ke samun kuɗi da WordPress, manhajar da sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet ke tafiya a kanta. Akwai masu lasisi biyu, kamar manhajar rumbun bayanai ta MySQL: GPL ga kowa, lasisin kuɗi ga wanda ke son cusa ta cikin rufaffiyar hajarsa. Sun Microsystems ya sayi MySQL a 2008 kan kimanin dala biliyan 1.

Sai masu rayuwa da gudummawa ko yarjejeniya. Kaso mafi tsoka na kuɗin Mozilla yana fitowa ne daga Google, wanda ke biya domin injin bincikensa ya zama na farko a Firefox. Abin da ban mamaki, tun da Google ne mai Chrome, babban kishiyar Firefox. Labarin Blender, manhajar zane mai motsi, ya fi daɗin ji: kamfanin da ya mallake ta ya durƙushe a 2002, masu amfani da ita suka yi karo-karo na yuro 100,000 cikin makonni bakwai, aka fanshe ta, aka sake ta a ƙarƙashin GPL.

Su kuma masu rufaffiyar, ai nasu a bayyane yake ko?

A da haka ne: ka biya sau ɗaya, ka karɓi faifai, bayan 'yan shekaru a fito da sabuwa a lallashe ka ka sake saye. Yanzu haya ce ta mamaye kasuwa. A 2013 Adobe ya daina fitar da sababbin manhajojinsa a tsarin saye sau ɗaya, ya koma biyan wata-wata, Microsoft ma ya tura yawancin masu Office zuwa hanya irin wannan. Wasu ba sa karɓar ko kwabo daga hannunka, talla suke sayarwa da bayanan da ke sa tallar ta dace da kai. Wasu kuma, kamar Apple, manhajar ce ke jawo ka ka sayi ƙarfen.

Abin da ke riƙe kwastoma a nan sau da yawa wuyar fita ce. Takardun shekara goma suna cikin wani tsarin fayil, ma'aikata sun saba, sauran manhajojin ofis an ɗaure su da wannan. Ko farashi ya tashi sai a yi ƙorafi a biya.

Me ya sa manyan kamfanoni ke biyan injiniyoyi su rubuta abin da za a raba kyauta?

Ba sadaka ba ce. Yawancin gyare-gyaren da ke shiga Linux yau daga hannun ma'aikata masu albashi suke fitowa, na Intel, Google, Red Hat, AMD da makamantansu. Intel yana son kayansa su yi aiki da kyau a Linux domin a saya. Google yana buƙatarsa a rumbunan kwamfutocinsa da wayoyin Android. Maimakon kowa ya shimfiɗa titinsa shi kaɗai, sai su haɗa hannu su yi guda, su yi gasa a kan kayan da suke ɗaukowa. Microsoft ma da shugabansa na lokacin, Steve Ballmer, ya kira Linux cutar daji a 2001, kamfanin ne ya sayi GitHub, dandalin ajiye rubutun manhaja, a 2018 kan dala biliyan 7.5. Kiɗa ne ya canza.

To wacce ta fi inganci?

Lasisi ba ya rubuta manhaja, mutane ne ke rubutawa, don haka tambayar da nake fara yi ita ce: su wa ke kula da ita, kuma wa ke ciyar da su? Amma akwai wani tsari da ke maimaita kansa. Inda masu amfani da manhaja su ne kuma masu iya gyara ta, buɗaɗɗiya takan yi zarra. Rumbunan bayanai, yarukan rubuta manhaja, kwamfutocin da ke ɗauke da shafukan intanet, duk nan ne gidanta. Tun daga Nuwambar 2017, kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya duk Linux suke amfani da shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a nan mai ɗakin magini ne.

Inda mai amfani akawu ne ko likita ko mai zane, sai labari ya sha bamban. Ana buƙatar wanda zai zauna ya kalli yadda baƙo ke lalube a allon, ya gyara maɓallin da ke ruɗa mutane, ya rubuta littafin jagora, ya bi sauyin dokar haraji duk shekara. Aiki ne mai gajiyarwa wanda ɗan sa-kai ba ya ɗokin yi da daddare bayan ya taso daga aikinsa. Albashi ne ke sa a yi shi. Shi ya sa masu sana'ar gyaran hoto da yawa ke gwada GIMP su koma Photoshop. Blender ta nuna cewa ba doka ba ce: da asusunta ya samu masu zuba kuɗi a kai a kai, aka ɗauki ma'aikata na dindindin, sai ta gyaru har wani fim na zane daga ƙasar Latviya da aka yi da ita ya ci kyautar Oscar a 2025.

Idan rubutun yana fili, ba masu kutse aka sauƙaƙa wa ba?

Masu kutse ba sa jiran rubutun tushe. Windows a rufe yake, amma a Mayun 2017 muguwar manhajar WannaCry ta bi ta wata ɓaraka a cikinsa ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har da na asibitocin Birtaniya. A 2020 an gano cewa an cusa mugun rubutu cikin sabuntawar manhajar SolarWinds, ita ma rufaffiya, ya isa har ma'aikatun gwamnatin Amurka.

Masu goyon bayan buɗaɗɗiya kan ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya: idan idanu suka yi yawa, kuskure ba ya ɓuya. Gaskiya ne, amma sai idan idanun suna kallo. Ɓarakar Heartbleed ta zauna cikin OpenSSL kimanin shekara biyu kafin a gano ta a Afrilun 2014. Wannan manhaja ce da ke tsare sirrin wani babban kaso na intanet, amma gudummawar da take samu a lokacin ba ta wuce kimanin dala 2,000 a shekara ba. Kowa ya ɗauka wani ne ke dubawa. A Disambar 2021 aka sake cin karo da irin wannan a Log4j, wadda 'yan sa-kai ƙalilan ke riƙe da ita.

Na ji labarin xz. Me ya faru, kuma wane ɓangare ya gaskata?

xz ƙaramar manhajar matse fayil ce da ke cikin kusan kowane Linux, kuma shekara da shekaru mutum guda ne ke ɗauke da nauyinta ba tare da albashi ba. Wani mai kiran kansa Jia Tan ya fara aiko da gyare-gyare masu amfani. Sai wasu sunaye da ba a san su ba suka riƙa aiko saƙonni suna caccakar mai kula da ita cewa aiki ya tsaya, ya nemi mataimaki. Mutumin ya gaji, ya kuma faɗi hakan a fili. A hankali Jia Tan ya samu amincewa da ikon fitar da sabon zubi. Bayan fiye da shekara biyu yana wannan haƙuri, ya ɓoye wata ƙofar sirri cikin fayilolin gwaji.

A Maris ɗin 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund, ma'aikacin Microsoft da ke aiki a kan PostgreSQL, yana auna saurin wani abu daban sai ya lura cewa shiga kwamfutarsa daga nesa ya ƙara jinkirin kimanin rabin daƙiƙa, kuma yana cin ƙarfin injin fiye da kima. Wani zai ɗaga kafaɗa ya wuce. Shi kuwa ya bi diddigi har ya tono ƙofar, ya sanar a ranar 29 ga wata, kafin ta bazu cikin manyan tsayayyun zubin Linux. Kowane ɓangare ya samu hujja a nan. Buɗewar ce ta ba maƙetacin hanyar shiga, ita ce kuma ta ba baƙon da ba aikinsa ba damar tonawa. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda kamfanoni masu ɗimbin dukiya suka jingina da mutum ɗaya da ya gaji, ba wanda ya tambayi halin da yake ciki.

Idan manhaja ta jawo mini asara, wa zan kama?

Karanta sharuɗɗan da kake danna amincewa da su ba tare da ka duba ba. Lasisin buɗaɗɗiya yana faɗa ƙarara cewa babu garanti. Na rufaffiya ma kusan haka yake cewa da dogon Turanci, yakan kuma taƙaita diyya zuwa ɗan abin da ka biya. A ranar 19 ga Yulin 2024 wata gurɓatacciyar sabuntawa daga kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi, ga shi kuwa manhaja ce mai tsada. Abin da ke ba ka wanda za ka kama shi ne kwangilar tallafi mai ƙayyadadden lokacin amsawa, kuma ana sayen ta a kowane ɓangare, kamar yadda misalin Red Hat ya nuna a sama.

Me ya sa wasu kamfanoni suka rufe manhajarsu bayan sun yi suna da buɗe ta?

Saboda ƙofar da na ambata a amsar lasisi. Ƙaramin kamfani ya yi shekaru yana gina rumbun bayanai, sai katafaren mai hayar kwamfutoci ta intanet ya ɗauka, ya sayar da hidimarta ga dubban kwastomomi, kuma lasisi bai tilasta masa biyan komai ba. MongoDB ya sauya lasisi a 2018, Elastic a 2021, HashiCorp a 2023, Redis a 2024. Kusan duk lokacin sai wasu su ɗauki zubin ƙarshe da ke buɗe su ɓalle da shi: OpenSearch daga Elasticsearch, OpenTofu daga Terraform, Valkey daga Redis. Daga baya Elastic da Redis sun ƙara AGPL cikin zaɓin lasisinsu, amma waɗanda suka ɓalle ba su rushe abin da suka gina ba.

Ina fahimtar kukan waɗannan kamfanoni, sai dai buɗewar ce ta kawo musu jama'ar da suka yi suna da ita, har da masu gyara a kyauta. Alamar da ya kamata ka duba ita ce ko kamfani guda ne ke riƙe da haƙƙin mallakar dukan rubutun. Idan haka ne, yana iya sauya lasisin zubi na gaba ranar da ya ga dama. Linux ba ya fuskantar wannan, domin haƙƙinsa a warwatse yake a hannun dubban mutane.

Idan masu manhajar suka daina kula da ita fa?

A nan ne bambancin ya fi fitowa fili. Idan mai rufaffiya ya ce ya daina, an gama. Tallafin Windows 10 na yau da kullum ya ƙare a 14 ga Oktoban 2025, alhali kwamfutoci masu yawa da ke aiki lafiya ba su cika sharaɗin Windows 11 ba. A buɗaɗɗiya akwai mafita, ko da ba ta da sauƙi. Da Oracle ya sayi Sun a 2010, masu OpenOffice da yawa suka fice suka kafa LibreOffice. Da Red Hat ya sanar a ƙarshen 2020 cewa zai yanke rayuwar CentOS 8, wani zubin Linux na kyauta, sai Rocky Linux da AlmaLinux suka fito. Amma wannan na faruwa ne ga manhajar da mutane da yawa suka dogara da ita. Dubban ƙananan ayyuka suna mutuwa shiru, rubutunsu na nan a fili, ba mai taɓawa.

Ma'aikatarmu za ta rage kashe kuɗi idan ta koma buɗaɗɗiya?

Mai yiwuwa, amma ba a shekarar farko ba. Kuɗin lasisi sashe ɗaya ne kawai. Akwai horar da ma'aikata, da juya tsofaffin fayiloli, da wannan ƙaramar manhajar da sashen kuɗi ya dogara da ita wadda ba ta tashi sai a Windows. Birnin Munich na Jamus ya yanke shawarar komawa Linux a 2003, ya ɗauki kimanin shekara goma yana sauya kwamfutoci kusan 15,000, sannan a 2017 majalisar birnin ta zaɓi komawa Windows, kuma har yau ana gardama kan ko fasaha ce ta gaza ko siyasa ce ta shigo. A 2024 jihar Schleswig-Holstein, a Jamus ɗin dai, ta sanar da mayar da kwamfutoci kimanin 30,000 zuwa LibreOffice, kuma babban dalilin da ta bayar shi ne iko da bayananta. Shawarata a fara da abin da ba ya taɓa hannun ma'aikata kai tsaye, a kuma riƙa adana takardu a tsarin fayil da kowace manhaja ke iya buɗewa.

Kafin in dogara da wata buɗaɗɗiyar manhaja, me zan duba?

Leƙa inda ake ajiye rubutunta ka ga yaushe aka yi gyara na ƙarshe, da mutum nawa ne ke yin aikin a zahiri. Idan suna ɗaya ne ke maimaituwa, tuna da amsar xz. Duba rahotannin matsala: ana amsa su, ko sun taru shekara biyu ba ko tari? Nemi sanin wa ke biya, gidauniya ce irin Apache ko Linux Foundation, ko kamfanoni da yawa, ko kuwa kamfani guda da masu zuba jari ke jiran riba daga gare shi. Sannan ka gwada fitar da bayananka daga cikinta tun ranar farko, ka buɗe su da wata manhaja daban ka ga ko sun fito daidai. Wannan gwaji na ƙarshe ka yi wa rufaffiyar ma, kafin ka sa hannu a kwangila.